Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnatin New South Wales kan rawanin mabiya Sikh da hular kwanon keke

Zuwa ga Gwamnatin Jihar New South Wales ta ƙasar Ostareliya, da Ma'aikatar Sufuri, da 'yan Majalisar Dokokin jiha.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Na rubuto wannan takarda ne a madadin kaina da wasu 'yan'uwana Hausawa, 'yan kaɗan ne mu, waɗanda karatu ko neman abinci ya kawo yammacin Sydney. Mu Musulmi ne, ba mabiya addinin Sikh ba, kuma ba su ne suka aiko mu ba. Suna da bakinsu da shugabanninsu, sun kuma daɗe suna faɗin abin da zan faɗa. Sai dai unguwarmu ɗaya da su, wurin aikinmu ɗaya, jirgi ɗaya muke shiga da asuba, kuma a tarbiyyar da muka taso da ita maƙwabci yana da haƙƙi a kanka ko da ba alƙibla ɗaya kuke fuskanta ba.

Maganar a kan sashe na 256 ne na dokokin hanya na wannan jiha, wanda ya wajabta wa duk mai hawa keke sanya hular kwano. Tun 1991 dokar take aiki a nan, shekara guda bayan jihar Victoria ta fara. Ba ni da ja da ita. Ni kaina ba na hawa keke sai da hula, 'ya'yana ma haka. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, har yau ba ku buɗe wa mai rawanin Sikh ƙofar da jihohin da ke maƙwabtaka da ku suka buɗe masa ba.

Kun san mene ne wannan rawani, amma zan ɗan tsaya a kansa saboda 'yan'uwana da za su karanta daga gida. A 1699, a garin Anandpur na yankin Punjab, Guru Gobind Singh, jagoran addinin na goma, ya kafa jama'ar Khalsa, ya ɗora musu abubuwa biyar da ba sa rabuwa da su. Na farkonsu shi ne barin gashi yadda Allah Ya halicce shi, ba aski ba ragewa. Mutum zai taje gashin nan da ya kai gadon baya, ya tattara shi ya ƙulle a tsakar kai, ya soka ɗan matajin itace, sannan ya naɗa yadi mai tsawon mitoci da yawa a kai, ninki bisa ninki. Kullum safiya haka yake yi. A ƙasarmu rawani na sarakuna ne da hakimai da malamai, kuma hakimi in ya koma gida ya warware nasa ya sa hula babu wanda zai ce ya taɓa addininsa. Na Sikh ba haka yake ba. Fita bainar jama'a da kai a buɗe tsiraici ne a wurinsa, kuma ba a ɗora wata hula a kan rawanin ko a maye gurbinsa da ita. Ko da ya so ɗorawa ma, babu hular kwanon da za ta zauna a kan wannan naɗi. Za ta tsaya ne a bisa tana lilo, ba ta kare komai ba.

To ga koke na farko. Dokar nan ba ta sa mabiya Sikh sanya hula ba, sauke su daga keke ta yi. Wanda ya rubuta ta yana zaton zaɓi biyu ne a gaban mutum, ya hau da hula ko ya hau babu hula, sai ya tura shi ga mai aminci. Ga mai rawani kuwa zaɓin daban ne: ya cire abin da ya yi imani ba a cirewa, ko ya bar keken. Kusan duk wanda na sani keken ya bari.

Akwai wani abokin aikina a sito inda muke ɗaukar kaya, dattijo ne mai furfura a gemu. Daga Melbourne ta jihar Victoria ya taso ya dawo nan, kuma a can da keke yake zuwa aiki, doka ba ta ce masa komai ba. Keken yana nan rataye a garejinsa, tayoyin sun sace. Yanzu bas biyu yake shiga don tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba, alhali likita yana ta yi masa magana kan sukari da motsa jiki. Ranar wata Lahadi na gan shi a filin wasan unguwa, jikarsa tana koyon keke da 'yar hularta, shi kuma yana bin ta a guje da ƙafa yana haki. Na ce, "Baba, ina naka?" Ya yi dariya ya nuna kansa. Gwamnatin da take kashe kuɗi tana shimfiɗa hanyoyin keke, tana roƙon jama'a su rage hawa mota, ita ce ta rataye wannan keken.

Na biyu, tara. A watan Maris na 2016 kun ɗaga kuɗin tarar rashin hula daga dala 71 zuwa dala 319, daga nan kuma sama take ta yi. Ga ma'aikacin banki wannan ɓacin rai ne na yini ɗaya. Ga ɗalibin da ya zo daga Punjab, wanda bizarsa ta iyakance masa aiki zuwa awa 48 cikin mako biyu, ga kuɗin haya na Sydney, wannan abincin kwanaki ne. In bai biya ba tarar ta haihu, har ta kai a dakatar da lasisinsa na tuƙin mota. Ku duba kuma ku ga yawan mabiya Sikh da tuƙi ne sana'arsu, manyan motoci da tasi da bas. Laifin da aka ce an yi a kan keke sai ya zagayo ya toshe wa gida guda hanyar abinci. Kuma ba irin laifin da mutum zai ce na ji jiki gobe ba zan sake ba ne, domin gobe ma da rawanin zai tashi.

Na uku shi ne wanda na kasa fahimta duk yadda na juya shi. Ƙasa ɗaya ce, amma mutum yana zama mai laifi ko marar laifi gwargwadon gefen titin da yake. Victoria ta keɓe wanda suturar kansa ta addini take hana shi sa hula. Ostareliya ta Kudu da ta Yamma su ma haka. A Queensland, a 2013, wani matashi mai suna Jasdeep Atwal ya ƙi biyan tarar dala 100, ya tafi kotu a Brisbane, alƙali ya sallame shi ba tare da ya ci shi tara ba, kuma cikin 'yan makonni ministan sufuri na lokacin, Scott Emerson, ya sanar da gyaran dokar. Yankin babban birnin tarayya, Canberra, ya bi sahu a 2020. Wato duk inda kuka juya, arewa da kudu da yamma da tsakiyarku, an gyara.

Ku ɗauki Albury da Wodonga, garuruwa biyu da kogin Murray kaɗai ya raba, mutane suna kwana a ɗaya suna aiki a ɗaya. Mai rawani zai taso daga Wodonga ta Victoria yana cikin doka, kafin ya gama haye gada ya zama abin kamu. Haka Coolangatta da Tweed Heads, inda titi ne kawai iyakar. Haka Canberra da Queanbeyan. Kan mutumin bai canja ba, keken bai canja ba, kwaltar ma iri ɗaya ce. In akwai wani haɗari da yake faɗa wa mai rawani a gefenku kaɗai, ku fito da shi mu gani. In kuma shekarun da Victoria da Queensland suka yi da wannan sassauci sun cika asibitocinsu da masu rawani, ai da labarin ya iso ku, kun kuma kafa hujja da shi.

Abin da ya ƙara ba ni mamaki shi ne, wannan jiha ce ya kamata ta riga kowa. A Woolgoolga, can arewacin gaɓar tekunku, manoman ayaba 'yan asalin Punjab suka buɗe gidan ibadar Sikh na farko a Ostareliya a 1968. Tun kafin nan, a 1915, sojojin Sikh sun yi yaƙi a Gallipoli ta ƙasar Turkiyya kafaɗa da kafaɗa da kakanninku, da rawunansu, kuma an kashe su da yawa. Jikokinsu suna fitowa faretin ranar Anzac, ranar tunawa da sojojin ƙasar nan, duk shekara. Rawanin da aka yarda ya shiga ruwan harsashi saboda Sarkin Ingila, shi ne yau ba a yarda ya hau keke zuwa kantin madara ba. A 2023 ƙasar nan ta karrama Amar Singh, mazaunin Sydney wanda ya kafa ƙungiyar agaji ta Turbans 4 Australia, da lambar gwarzon al'umma na shekara, saboda abinci da kayan da suke kaiwa lokacin gobarar daji da ambaliya. Ba ina cewa 'yancin addini lada ne da ake biyan mai alheri da shi ba, Sikh marowaci ma yana da haƙƙinsa cikakke. Na kawo ne don ku ga cewa mutumin da kuka tafa wa a kan dandamali, in ya hau keke zuwa gida a wannan jiha, ɗan sanda yana da ikon tsayar da shi.

Yanzu bari in zo ga hujjojinku, domin ba na wasa ba ne.

Za ku ce rawani ba ya kare kai kamar hular kwano. Gaskiya ne, kuma ba zan bi masu cewa yadi ya kai roba da soso ba. Naɗin yana rage wani abu a inda yake da kauri, amma ba don faɗuwa aka yi shi ba. Wanda ya hau keke da rawani ya ɗauki kasada fiye da ni mai hula. Tambayar ita ce, wa kasadar take hawa? Kansa ne. Ba ta ƙara wa mai tafiya a ƙasa haɗari ba, ba ta ƙara wa direban mota ba. Baligi ne mai hankali, ya auna lafiyar kansa da umarnin addininsa ya zaɓa. Kun bar mutane suna shan taba, suna shiga teku inda igiyar ruwa take da ƙarfi, suna dambe a fili, duk kuwa da cewa asibitin gwamnati ne zai karɓe su in abin ya ɓaci. Ban ga dalilin da zai sa lissafin kuɗin asibiti ya tashi sai a kan mai ibada ba.

Na san a Jamus, a 2019, babbar kotun harkokin mulki da ke Leipzig ta ƙi keɓe wani Sikh daga sa hula, tana cewa mummunan rauni yana girgiza har direban da aka yi karon da shi da waɗanda suka gani. Hujja ce da ta cancanci a saurara. Amma a kan babur aka yanke ta, abin da yake gudun mota, kuma ita Jamus ɗin ba ta wajabta wa mai keke hula ba sam. Birtaniya ma ba ta wajabta ba, kuma tun 1976 ta keɓe mabiya Sikh daga hular babur da wata doka da Sydney Bidwell, ɗan majalisa daga Southall, ya gabatar. A 1989 ta ƙara da hular masu aikin gini. A Indiya sashe na 129 na dokar motoci ta 1988 ya keɓe mai rawanin Sikh. A Kanada, British Columbia da Manitoba sun daɗe da yi, Alberta da Ontario suka biyo a 2018. Ban da ta gini, waɗannan duk a kan babur ne. Ni abin da nake roƙo bai kai nan ba, keken feda ne kawai.

Za ku kuma ce in an buɗe wannan ƙofa kowa zai ɗaura tsumma a ka ya ce addini. A nan ina da abin faɗa, domin na fito daga ƙasar da ta ga yadda wasa da dokar hula yake. A ranar 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta fara tilasta wa 'yan acaɓa da fasinjojinsu sa hular kwano. Kuɗin hula ya yi tashin gwauron zabi, fasinjoji suna ƙyamar sa wadda wani ya cire, sai ga mutane a Kano da wasu garuruwa sun kifa ƙoƙo da tukunya da robar fenti a ka, sun ɗaure da igiya. Duniya ta yi dariya, mu kuma muka ci gaba da kai gawa maƙabarta. Wancan kauce wa doka ne, kuma ba na goyon bayansa. Amma wanda ya yi shekara talatin almakashi bai taɓa gashinsa ba, yake tashi kullum ya naɗa yadi kafin ya karya kumallo, yake zuwa neman aiki da ɗaurin aure da jana'iza da shi, ba don ya tsere wa hular dala talatin yake yi ba. Ɗan sanda ba ya buƙatar digiri kafin ya bambanta shi da yaron da ya yafa tawul. Maƙwabtanku sun rubuta sharaɗin a taƙaice: mutum ya kasance mabiyin wani addini, yana sanye da suturar kai da aka san mabiyan da ita, kuma suturar ta hana hula zama. Ya ishe su aiki.

Kuma ku da kanku kun taɓa warware abin da ya fi wannan wuya. A 2021, bayan wani rikici da aka ji wa ɗalibi rauni a wata makarantar Sydney, gwamnati ta hana shiga makarantu da kirpan, 'yar wuƙar nan da take cikin abubuwa biyar na Khalsa. Jama'ar Sikh suka koka, aka zauna da su, cikin 'yan watanni aka fito da mafita: ƙarama, marar kaifi, a ɗaure a ƙarƙashin tufa. Can ana maganar lafiyar 'ya'yan wasu ne, amma aka sami hanya. Nan kuwa kan mutum ne shi kaɗai.

Wataƙila wani cikin 'yan'uwana zai ce, kai Bahaushe Musulmi, me ya haɗa ka da wannan? Abu biyu. Ranar 15 ga Satumban 2001, kwana huɗu bayan harin da aka kai Amurka, wani mutum ya harbe Balbir Singh Sodhi a gidan mansa a garin Mesa na jihar Arizona, saboda ya ga rawani da gemu ya ɗauka Musulmi ne. Daga lokacin zuwa yau mabiya Sikh sun sha zagi da duka da aka nufo mu da su, kuma abin da na gani a wurin waɗanda na sani shi ne ba sa cewa "ku je ga Musulmi, ba mu ba ne." Ina jin nauyin wannan. Na biyu kuma, mun san ɗacin a ce maka zaɓi tsakanin suturar addininka da shiga cikin jama'a. A Legas sai da aka kai Kotun Ƙoli kafin a 2022 ta tabbatar wa ɗalibai mata 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnati. Hausawa suna cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Dokar da ba ta ga rawaninsa yau ba, ba ni da tabbacin za ta ga mayafin 'yata gobe.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Ku gyara sashe na 256, ku keɓe baligin da rawanin addininsa ya hana shi sa hula in yana kan keken feda. Ba sai kun ƙirƙiro lafazi ba, na Victoria ko na Queensland yana nan, ku ɗauko. Kuma ya zama doka ce ta kowa, ba takardar izini da mutum zai bi ofis-ofis yana nema, yana yawo da ita a aljihu kamar mai beli ba.

Kafin gyaran ya kammala, a ba 'yan sanda umarni a rubuce su tsaya ga gargaɗi, kada su rubuta wa mai rawani tara. Waɗanda kuma ake bi bashin irin wannan tara a yanzu, a yafe musu, a mayar wa duk wanda aka dakatar wa lasisi saboda ita lasisinsa.

Maganar yara daban ce, kuma ba na roƙon a cire musu hula. Ƙananan yaran Sikh ba cikakken rawani suke naɗawa ba, ɗan ƙyalle ne da ake kira patka a kan ƙullin gashi, kuma matsalarsu ita ce hular kasuwa ba ta da gurbin ƙullin. Wata uwa a Ontario, Tina Singh, da ta gaji da fafe soson hulunan 'ya'yanta, ta ƙera hula mai ɗan tudu a sama daidai ƙullin. Ku taimaka irin wannan ta samu a shagunan nan da makarantu a farashin da iyaye za su iya. Inda yaro ya fara girma ya koma cikakken rawani, a zauna da iyaye da shugabannin gidajen ibadarsu a tsayar da shekarun da sassaucin zai fara, kamar yadda aka zauna kan kirpan.

Akwai kuma masu kai abinci gida-gida a kan keke mai batir, waɗanda da yawansu ɗalibai ne baƙi. A ƙarshen 2020 an rasa biyar daga cikin masu wannan sana'a cikin kusan wata biyu, yawancinsu a titunan Sydney. Wanda yake yini a cikin motoci yana tsere da agogo ba ɗaya yake da dattijon da zai je masallaci ko gidan ibada ba, kuma ba zan ce hukuncinsu ɗaya ba. Ku kira su, su da kamfanonin da suke wa aiki da shugabannin Sikh, a tattauna nasu daban, kada wuyar nasu ta zama dalilin riƙe na kowa.

A ƙarshe, in har kun yanke cewa ba za ku gyara ba, muna roƙon ku faɗa wa jama'a dalili a fili, da alƙaluman da kuka dogara da su, ku kuma bayyana abin da ya bambanta New South Wales da Victoria da Queensland da Canberra a wannan magana. Muna sauraron amsarku.

Allah Ya yi muku jagora.

Naku cikin girmamawa,
Wani mazaunin yammacin Sydney, a madadin 'yan'uwansa Hausawa maƙwabtan jama'ar Sikh.